Lamba Bakwai Ya Tafi Neman Sunansa

Laraba, Maamobi zuwa Kumasi

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na asuba na fita daga gida, ko kiran salla ban jira ba. Adiza, matata, ta biyo ni har bakin ƙofa da leda, burodi a ciki da dafaffen ƙwai biyu. Ta ce, "Baban Jamila, takarda ka je karɓa, ba faɗa ba. Kar ka yi wa dattijon nan masifa." Na ce mata na ji.

Bari in faɗi dalilin tafiyar, don na san akwai masu cewa yawo na tafi. Shekara goma sha tara ina yi wa sashen binciken lafiyar jama'a na wata jami'a aiki. Ni ne mai shiga da masu binciken gida-gida a unguwannin Nima da Maamobi, nan Accra. Ni zan yi sallama, ni zan gaida masu gida, ni zan juya tambayoyinsu zuwa Hausa, in cike takarda. Zazzaɓi, kwalara, hawan jini, ruwan gota, wato magudanar ƙazanta, babu binciken da ba a yi da ƙafata ba. Karatuna a fom huɗu na makarantar midil ya tsaya, ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Bana aka buɗe gurbin mai kula da ma'aikatan fili, wato mu masu shiga gida-gida, aiki na dindindin, har da fansho. Sharaɗin shi ne digiri, ko kuma shekara goma sha biyar a aikin, da shaida a rubuce. Na je ofis, sakatare ya duba kwamfuta ya ce su ba su da wani Isiyaka Garba. A ƙa'idar aikinmu ba a sa suna a takardar tambayoyi, saboda sirri. Mai amsa yana da lamba, mai tambaya ma yana da lamba. Tawa bakwai. Kabad-kabad na takardu cike da bakwai ɗina, amma littafin da ke nuna wane ne mai wace lamba yana wurin Farfesan da ya ɗauke ni aiki. Shi kuwa ya yi ritaya, ya koma ƙauyensu gaba da Techiman, waya ba ta shiga. Juma'a ƙarfe huɗu za a rufe karɓar takardu.

Trotro, ƙaramar motar haya, ya sauke ni a tashar Sakul ƙarfe biyar saura kwata. Na yi salla a kan kwali a bayan wata bas, na sha koko da ƙosai na sidi goma. Kuɗin mota zuwa Kumasi sidi ɗari da hamsin. Na tambayi direba yaushe za mu tashi, ya ce, "Masa," wato maigida, "yanzu-yanzu." Yanzu-yanzunsa ya kai mu ƙarfe shida da rabi.

Kusa da ni wata mata ce 'yar unguwar Madina ta Accra, mai sarin tumatir. Tun daga Nsawam nake kallon ƙafafunta, sun kumbura har takalmi ya nutse a ciki. Na so in yi shiru, bakin ya ƙi. Na ce, "Hajiya, yaushe rabonki da awon jini? Kina jin jiri da safe?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai likita ne?"

"A'a."

"To mene ne kai?"

Na ce mata dai in ta sauka ta je a auna ta, kuma ta rage gishiri. Ta ce gishiri ba shi ya kashe uwarta ba.

A Nkawkaw taya ta fashe, muka yi awa biyu da kwata a bakin hanya. Na ci ƙwan Adiza a tsaye. Gaba da Konongo akwai shinge, wani ɗan sanda ya hau ya ce kowa ya nuna kati. Ya karɓi nawa, ya karanta da ƙarfi, "Isiyaka Garba," ya miƙo mini. Na ce a raina, ashe ko ɗan sandan kan hanya ya san ina da suna.

Kilomita ɗari biyu da hamsin ne, amma sai ƙarfe uku da minti goma muka shiga Kumasi. Wucewa Techiman a ranar ba ta da amfani, don na san Farfesa ba ya ganin baƙo da yamma tun yana ofis. Na nufi unguwar Aboabo, gidan Alhaji Tanko, ɗan kawuna, mahauci.

Yana ganina ya ɗaga murya don maƙwabta su ji. "Dakta na Nima! A kawo wa Dakta kujera!"

"Yaya, bar wannan."

"In bar me? Shekara sha tara kana zaune a bayan farar motar jami'a kana ɗaga wa mutane hannu. Na ce ka zo in koya maka yankan nama, ka ce kai ma'aikacin jami'a ne. Ina jami'ar yau?"

Matarsa ta kawo tuwon zafi da miyar ayoyo. Na ci, don tuwon bai yi mini laifi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya yake faɗa. Duk bincike wata shida ne, ko tara. In ya ƙare a ce mu je gida, za a kira mu. In sabo ya zo, a kira. 'Yan makarantar da na koya wa yadda ake tsallake gota ba tare da an faɗa ciki ba, yau wasu daktoci ne, wasu suna ƙasar waje. Ni ina nan inda aka same ni.

Alhamis, Kumasi zuwa Techiman da ƙauyen Farfesa

Ƙarfe biyar da rabi Alhaji Tanko ya kai ni tasha a kan babur ɗinsa. Ya cusa mini ƙunshin tsire a jaka, ya ce, "In bai ba ka takarda ba, ka ba shi wannan, ko ya ji kunya." Motar Techiman sidi sittin, kilomita ɗari da ashirin. Offinso, Akumadan, sai ga mu a Techiman ƙarfe tara saura minti ashirin. Daga nan tasi, mu shida a ciki ban da direba, hanyar jar ƙasa, minti hamsin. Na tambayi direban gidan Farfesa, ya ce, "Mai farin gemu, mai gonar kashu? Kowa ya san shi."

Na same shi a baranda yana jin rediyo. Ya tsufa. Yana hango ni ya miƙe, ya buɗe hannuwa. "Seben! Seben nawa!" Haka yake kirana da Turanci tun ranar farko, wato Bakwai. Ya rungume ni, ya sa aka kawo ruwa da ayaba. Ya tambayi Nima, ya tambayi Hajiya Kande mai wake da shinkafa a bakin gota, wadda ta taɓa korar sa da ludayi don ya shiga gidanta da takalmi. Muka yi dariya. Zuciyata ta ɗan sauka.

A bangon falonsa hotuna ne jere, tarurrukan da ya je a ƙasashen Turawa. Akwai ɗaya na Nima. Shi yana tsaye yana kallon kyamara, ni kuwa bayana aka ɗauka, ina sunkuye ina yi wa wata tsohuwa magana, da babban bakwai a rigar aikina.

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce littafin lambobi ya bar shi a ofis, kuma ya ji an zubar da tsofaffin takardu da aka sauya gini. Amma ba komai, zai rubuta mini wasiƙa da hannunsa, ya buga hatimi. Ya ɗauko takarda, ya sa tabarau, ya rubuta kwanan wata. Sai alƙalamin ya tsaya. Ya ɗago.

"Seben, tuna mini sunanka na gaskiya."

Na ɗauka wasa yake. Na jira ya yi dariya. Bai yi ba.

Maganar Adiza ta fita daga kaina. Na ce, "Furof, ka zo sunan 'yata. Ka zauna a tabarmata, ka ci naman ragon, ka ɗauki yarinyar a hannunka. Ranar da ruwa ya cika gota ni na goya ka a bayana na haye da kai, jakarka a kaina. Gidan da aka rasa yara biyu da kwalara, ni na shiga na yi gaisuwa kwana uku kafin su yarda su amsa maka tambaya ɗaya. Da wannan amsar ka hau jirgi ka je aka tafa maka. Yau in tuna maka sunana?"

Rediyo tana ta magana. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce sau uku ya rubuta a ɗauke mu aiki na dindindin, aka ce masu ba da kuɗin bincike ba sa biyan fansho. Na ce ban tambaye shi wannan ba. Na faɗi sunan, a hankali, kamar ina koya wa yaro. Ya rubuta.

Da ya gama na karanta. Turancina bai da yawa, amma ya isa in gane kalmar da ya sa: ɗan sa kai. Na ce ya goge, ya rubuta ma'aikaci. Ya ce, "Isiyaka, a duk takardun da na aika, haka aka rubuta ku. Ba zan sa hannu a kan abin da zai saɓa da su ba." Karon farko ke nan da na ji sunana a bakinsa, kuma a cikin hana ni abu ya fito.

Na karɓi wasiƙar, na ajiye masa tsiren Alhaji Tanko a kan tebur. Ƙarfe sha biyu da kwata na bar gidan. Biyar da rabi na yamma ina Aboabo. Alhaji ya kalli fuskata, bai yi tsokana ba, ya ce kawai a zuba mini ruwan wanka.

Juma'a, Kumasi zuwa Accra

Motar farko na shiga, huɗu da rabi. Babu abin da ya faru a hanya sai cunkoso bayan Nsawam, wanda ya cinye mini sallar Juma'a. Ƙarfe ɗaya da minti arba'in na sauka a Sakul, na kama trotro biyu, uku saura minti biyar ina ƙofar ofis da ƙurar Techiman a wandona.

Sakatare ya karɓa, ya buga hatimi, ya sa a tire. Ina fitowa na haɗu da Dakta Rukaya, wadda ke shugabantar sashen yanzu. 'Yar unguwar Kanda ce. Lokacin da ta fara zuwa fili tana ɗaliba, ni na ce mata ta daina tambayar tsofaffi shekarunsu kafin ta gaishe su. Ta ja ni gefe.

"Baba Seben, gara ka ji daga bakina. Kwamiti ya zauna jiya, tun ba a rufe karɓar takardu ba. Sun ce shekarun sa kai ba sa cikin lissafi. Na yi magana, wallahi na yi, ni kaɗai ce."

"To wa za a ba?"

"Wani mai digiri na biyu. Yana da ƙoƙari. Amma bai san Nima ba, shi ya sa nake so ranar Litinin ka zo ka shiga da shi. Sabon binciken hawan jini, wata shida. Lambarka tana nan, ba a ba kowa ba."

Na ce, "Rukaya, ke kin san sunana?"

Ta ce, "Baba Isiyaka mana." Ta sani. To me ya hana ta faɗa duk shekarun nan?

Na cire katin aikin daga wuyana, mai bakwai a jiki, na sa mata a hannu. Na ce ta rataya wa wanda ta ga dama, lamba ba ta zaɓen wuya.

Ƙarfe biyar da minti arba'in na shiga gida. Adiza ta dube ni, ta ce, "Ka yi masifar ko?" Na ce sau biyu. Ta kawo abinci.

Ranar Litinin farar mota ta tsaya a bakin gota, ina zaune a shagon ɗinkin maƙwabcina ina kallo. Sabon mai kula ya fito da kwamfutar hannu da mutane uku. Gidan Hajiya Kande suka fara. Ta leƙo, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ina Isiyaka?" Suka kalli juna. Mai digiri na biyu ya duba kwamfutarsa, ya ce, "Wane ne Isiyaka?" Ta rufe ƙofa.

Ban ji daɗi ba, kar ku ɗauka na ji. Jinin Hajiya Kande yana hawa, kuma awon kyauta da suke yi shi ne kaɗai take samu. Washegari ni na kai ta asibiti a tasi. Aikin kuwa babu shi, fansho babu shi, shekarata hamsin da biyu, kuma na kira Alhaji Tanko na ce ya tanadar mini wuƙar yankan nama.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Adiza. Na gode wa Alhaji Tanko da matarsa Memuna, da Kwaku direban tasin Techiman, da Hajiya Salamatu mai tumatir, in Allah ya sa ta je awon. Kowa na tambayi sunansa kafin mu rabu, ga shi na rubuta. Bai ɗauke ni minti ɗaya ba.

Isiyaka Garba, Maamobi.