Malam Tanko Makaniki da Lasifikar Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tashar Kaduna ranar Laraba da hantsi, ana ɗora buhunan gishiri a lorina, sai wani direba da ya taso daga gida ya kama hannuna ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗanjuma, sai haƙuri. Malam Tanko ya cika jiya bayan azahar, har an kai shi." Na zauna a kan matakalar mota. Na bar shi da ɗan zazzaɓi ne kawai, yana tsokanata a kan birkin da na ƙi kawo masa. Ashe sallama ce muka yi.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Birnin Gwari da mota ko keke ya san rumfarsa a bakin kasuwa. A aikin soja ya koyi kanikanci, da aka sallame shi ya dawo gida da sana'arsa da kuma wata tsohuwar jita. Shekaru masu yawa muna aiki tare, ni ina tuƙi, shi yana gyara abin da na ɓata. Ban taɓa jin ya zagi inji ba. Idan na fusata, sai ya ce, "Ƙarfe ba ya gardama, Ɗanjuma, mai shi ne ke gaggawa." Manoman Kuyello kan kawo masa kekuna ran kasuwa, Fulanin daji su kawo tocila, kowa ya tafi da abinsa a gyare, da kuma wani labarin ban dariya na kai wa gida.

Wata damina mun kafe a taɓo a tsakiyar daji, fasinja suka fara ɓacin rai. Sai ya ciro jitarsa daga bayan kujera, ya zauna kan kututture ya fara kaɗawa. Kafin motar hukumar En'e ta zo ta ja mu, wata tsohuwa 'yar Gbagyi ta ajiye kayanta tana rawa, birai suna leƙenmu daga kan itatuwa. Da lokacin la'asar ya yi, shi ya fara ajiye jitar ya nemi ruwan alwala.

Amma abin da nake so masu makoki su sani shi ne labarin ɗan akwatinsa na ƙara sauti. Mutane da dama sun ɗauka don burga ya saye shi daga hannun wani makaɗin Kudu a Kaduna. Don mahaifiyarsa ya saya. Inna Dije, Allah ya ƙara mata lafiya, ta yi suna da waƙar niƙa a ƙuruciyarta, kuma waƙoƙinta ne Yaya Tanko, kamar yadda nake kiransa, ya mayar kan jita. Da tsufa ya zo, jinta ya yi nauyi, har ta kai sai an yi mata magana da hannu. Idan ya haɗa akwatin da batirin mota ya kaɗa jitar ta cikinsa, takan ɗora tafinta a kan akwatin, ta ji kiɗan yana shiga ƙashinta, ta riƙa gyaɗa kai.

Sai ɓera ya shiga akwatin ya cinye takardar lasifikar. Yaya Tanko ya buɗe, ya duba, ya fashe da dariya ya ce, "Wannan ɓera ya san daɗin kiɗa, har ya ci abinsa." Ya liƙe wurin da ƙaro da takarda. Da ya kaɗa, sai akwatin ya yi kuka kamar kwaɗo. Inna ta ɗora hannu, ta janye, ta ce, "Tanko, wannan ba waƙata ba ce." Daga ranar ta daina fitowa tsakar gida da yamma. Na ga yadda abin ya taɓa shi, duk da bai faɗa ba.

Lokacin kaka ba ta yi ba, aiki ya yi ƙasa, aljihu ba nauyi. Duk da haka ya auna bakin ramin lasifikar da zare, ya ƙulla, ya sa a aljihu, ya ɗauki akwatin da jitar, ya bi ni Kaduna. Muka shiga shagon wani Banufe mai gyaran rediyo, mutum mai fara'a, ana ce masa Ndagi. Ya ciro wata lasifika sabuwa fil daga kwalinta, 'yar Ingila, tana sheƙi.

"Malam, ga ta manya," in ji shi. "Irin wadda Turawa ke sa wa a kulob."

Da ya faɗi kuɗinta, Yaya Tanko ya yi murmushi ya ce, "Maigida, in na sayi wannan, sai na sayar da sufanuna. Da me zan ciyar da masu sauraro? Nuna mini na talakawa."

Ndagi ya jawo kwandon tsofaffin lasifikoki da ya ciro daga matattun rediyoyi. Yaya Tanko ya bi su da zarensa, ya ware waɗanda suka dace da ramin, ya duba takardar kowacce a hasken rana ko akwai tsaga. Ya tambaya ko za su iya ɗaukar ƙarfin akwatin ba tare da sun ƙone ba. Suka rage uku. Sai ya zaro audugar rimi daga aljihu ya toshe kunnuwansa duka biyu, ya miƙa mini jitar ya ce in yi ta bugun babbar tsirkiya, shi kuma ya ɗora tafinsa a kan akwatin ya rufe ido.

Ndagi ya dube ni. "Direba, lafiya ɗan'uwan naka? Yau na ga mai sayen lasifika da kunne a toshe."

Na ce, "Lafiya lau. Wadda za ta saurara da hannu take ji."

Aka gwada ta farko, ya girgiza kai. Ta biyu tana da zaƙin murya, ni kaina ita na so, amma ya ce ba ta motsa katako. Ta uku wata baƙa ce mai nauyi, da tsatsa a gefenta, daga rediyon wani ma'aikacin reluwe. Ina bugawa ya buɗe ido ya ce, "Ita ce!" da ƙarfi, don ya manta kunnensa a toshe yake. Har masu wucewa suka waiwayo. Ndagi ya ce a gwada sabuwar ma, don kada a ce ya ɓoye alheri. Aka gwada. Yaya Tanko ya ce tana da kyau ƙwarai, amma duk daɗinta a sama yake, Inna ba za ta same shi ba. Da Ndagi ya ji labarin duka, sai ya ɗaura tsohuwar da hannunsa, ya ƙara masa waya kyauta, ya ce a gaishe da Inna. A hanya Yaya Tanko ya rungume akwatin a cinya saboda gargada, yana ce mini, "Abin da ya biya maka buƙata shi ne mai daraja, ko a bola ka tsince shi."

Mun iso da la'asar sakaliya. Matarsa Hajara ta shimfiɗa tabarma, aka fito da Inna. Ya kama hannunta ya ɗora a kan akwatin, ya fara kaɗa waƙarta ta niƙa. Ba a jima ba sai leɓunanta suka fara motsi. Can ta ɗaga murya ta kama waƙar, muryar da maƙwabta suka daɗe ba su ji ba. Mata suka shigo ta ko'ina, Hajara ta rangaɗa guɗa. Sai Inna ta tsaya ta buga masa hannu a gwiwa ta ce, "Kai Tanko, ka cika sauri! Wa ya taɓa niƙa da gudu haka?" Gidan ya kece da dariya, shi ya fi kowa, hawaye na bin gemunsa.

Da na je gaisuwa, na durƙusa gaban Inna. Ita ce ta ba ni haƙuri. Ta riƙe kaina ta ce, "Ɗanjuma, kai mai yawo ne. Duk inda ka je ka gaya musu Tanko bai taɓa saɓa mini ba. Na yafe masa duniya da lahira." Ga shi na isar.

Allah ya jiƙan Malam Tanko, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Yadda ya faranta ran mahaifiyarsa, Allah ya faranta masa. Allah ya ba Inna Dije da Hajara haƙurin rashi, ya raya 'ya'yansa a kan halinsa, ya zama gatansu. Mu kuma, idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.