Ƙulli Ɗaya a Likkafanin Deok-chil

Shekara talatin da ɗaya ina sayar da barguna a layin 'yan yadi na kasuwar garinmu, kuma duk tsawon shekarun nan katako ɗaya ne tsakanin rumfata da ta Pyo Mal-sun. Ni Yaya nake ce mata, don ta ba ni shekara tara. Sauran 'yan kasuwa Maman Hye-ran suke kiranta. Sana'arta ɗinkin likkafani, shi ya sa rumfar da ke kusa da ita ta daɗe ba kowa kafin in zo. Ni kuwa ban taɓa samun maƙwabciyar da ta fi ta shiru ba, in ka cire sautin almakashi.

Ta koyi aikin a wajen uwar mijinta, da yadin sambe, wannan na zaren rama mai kaushi da ake saƙawa a ƙauyukanmu. Kayan namiji cikakku take yi: wando, 'yar ciki, babbar riga, safar ƙafa da ta hannu, har da abin rufe fuska. Ba aljihu, ba maɓalli. Babbar doka kuma, ba a ƙulla zare. In ta kai ƙarshen layi sai ta ja zaren ta bar shi sake, don kada a ɗaure mamaci da duniya ya kasa tafiya. Na sha ganinta ta warware hannun riga guda saboda zare ya harɗe da kansa.

Mijinta Eom Deok-chil tsohon direban bas ne. Tun da ya ajiye aiki ba abin da yake yi sai zama a bayan rumfarta yana shan ruwan sha'ir mai zafi, da rana kuma ya tafi zauren tsofaffi na unguwa ya buga dara. Rabin tsofaffin garin nan matarsa ta auna, shi kaɗai ya ƙi. Da ya ga ta ɗauko igiyar awo sai ya tuna yana da wani uzuri a tashar mota.

Sai annobar korona ta zo.

Ba zan gajiyar da ku da yadda muka sha layin takunkumi ba, kowa ya sha nasa. Abin da na fi tunawa shi ne allon sanarwa na ƙofar kasuwa. Shugaban 'yan kasuwarmu, Bang, shi ke liƙa takardun. Yau mutum goma za su iya zama tare, jibi huɗu, mako mai zuwa takwas. A rufe ƙarfe tara, a rufe ƙarfe goma. Takarda kan takarda har allon ya yi tudu. Da farko muna karantawa da tsoro. Daga baya muka lura cewa in kana son sanin dokar gobe, kada ka dubi yawan masu ciwo, dubi kalanda ka ga saura wata nawa zaɓe. Bang kansa yana da riguna biyu rataye a bayan ƙofar ofishinsa, ja da shuɗiya, ta kowace jam'iyya ɗaya. Duk ɗan siyasar da ya zo daga Seoul, babban birnin ƙasa, da kalar rigarsa ake tarbarsa.

A shekarar farko ta annobar aka samu watan ƙari a lissafin wata, wanda ke zuwa sau ɗaya a shekara biyu ko uku. A cikinsa ake ɗinka wa mai rai likkafani, kuma an ce wanda aka ɗinka wa yakan yi tsawon kwana. An rufe zauren tsofaffi, Deok-chil ba shi da wurin gudu, ga shi abokansa biyu sun tafi a wata ɗaya. Wata safiya na ji muryarsa ta bayan katako.

"Ke tsohuwa, ina igiyar nan taki?"

"Wace igiya?"

"Kin sani sarai. Zo ki auna, kafin in sake shawara."

Na leƙa. Yana tsaye ya buɗe hannuwa, ta zagaya shi tana rubutu a bayan kwalin taba.

"Ki bar wa tumbin nan wuri, kin ji ko. Kada in je can ina nishi."

"Ai rabin yadin a nan zai ƙare. Shekara arba'in ina ce maka ka rage naman alade."

"Kuma ki sa mini aljihu ɗaya, na sigari."

"Aljihu a likkafani? Ka taɓa gani?"

"To a can wa zai ba ni?"

"Ka roƙi uwarka, ai ita ta koya maka sha."

Ya juyo ya gan ni. "Maman Jun-ho, kina ji? Mutum bai mutu ba an fara yi masa rowa."

Kwana goma sha ɗaya ta yi a kan kayan nan, ta ajiye duk wani aiki. Da ta gama ta naɗe su da ganyen taba a tsakani saboda asu, ta ɗaure da ƙyalle mai ruwan toka, ta ɗora a saman kabad ɗin gida. Shi kuwa sai ya riƙa yi wa mutane alfahari, wai yanzu yana da kwat ɗin da ya fi na ɗan majalisa.

Shekara ɗaya da rabi muka yi a haka. Muka yi allura ta farko, muka yi ta biyu. Sannan a watan Nuwamba aka fito a talabijin aka ce an ci ƙarfin cuta, a koma zaman da aka saba. Saura wata huɗu zaɓen shugaban ƙasa. Masu jar riga sun daɗe suna ihu an kashe kasuwanci, masu shuɗiya da ke kan mulki kuma ba sa son shiga zaɓe da shaguna a kulle. Ni ma, kada in yi ƙarya, na yi murna, don na gaji da zama ina kallon barguna. Bang ya yage takardun allon duka, ya kawo wainar shinkafa aka buɗe zauren tsofaffi da tafi.

Deok-chil ne na farko a bakin ƙofa, da akwatin dararsa a hammata.

Makonni shida bayan nan aka sake kulle zauren, takardu suka dawo kan allo. Amma tsofaffi bakwai sun riga sun kamu, shi na cikinsu, ya kuma kai wa matarsa. Ita tari kawai ta yi. Shi kwana uku yana kwance a gida ana neman gado, don asibitoci sun cika. Rana ta huɗu mutane biyu cikin fararen kaya suka zo suka ɗauke shi da rigar barcinsa. Ita aka ce ta zauna a ɗaki, kada ta taka ko bakin ƙofa. Ni ke kai mata miya in rataye a hannun ƙofa, in koma ƙasa in kira ta a waya.

Saura kwana biyu shekara ta ƙare ya cika.

Ta kira ni da sassafe. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Maman Jun-ho, zan sauko da ƙunshin nan ta taga. Ki kai wa Hye-ran, tana asibiti. Ki ce a fara sa wando, sannan safa. Su ba su sani ba, yara ne."

Ta ɗaura igiyar shanya ta sauko da shi daga bene na biyu. Na ɗauka na hau tasi.

A bakin ƙofar baya ta asibitin na samu Hye-ran, 'yarsu tilo, tana magana da wani ma'aikaci da bai wuce sa'ar ɗana ba. Idanunsa sun yi ja don gajiya, har na ji tausayinsa kafin ya buɗe baki.

"Mama, ku yi haƙuri," ya ce da ni. "Ba a wanka, ba a sa kaya. An riga an rufe shi a jaka biyu. Yau da yamma za a ƙone, makoki sai daga baya."

"To ku buɗe akwatin ku ɗora masa a kai. Ɗorawa kawai."

"An buga hatimi. Ba ni da ikon buɗewa."

"Wa ke da iko?"

Ya ɗaga kafaɗa ya nuna sama da yatsa. Na kira Bang a nan take, tunda kullum yana cika baki da sanin manya. Ya ce in kwantar da hankalina, maganar nan tana gaban kwamiti, likitoci da yawa sun ce gawa ba ta yaɗa cutar, nan ba da daɗewa ba za a gyara.

Na ce, "Shugaba, ƙarfe biyar za a ƙone shi."

Ya ce, "Ai kin san abin gwamnati, Maman Jun-ho. Yanzu ba wanda zai sa hannu a sassauci, cuta na hawa, jaridu na jira."

Hye-ran ta ga akwatin ubanta ta bayan gilashi na minti ɗaya da rabi. Ni kuma na koma da ƙunshin, na tsaya a ƙarƙashin tagar. Mal-sun ta leƙo ta ga abin da ke hannuna. Ta sake sauko da igiyar.

Kwana ashirin da tara bayan nan aka canza dokar. Yanzu iyali za su iya ganin fuskar mamacinsu, a yi makoki, sannan a ƙone. Cutar ba ta ragu ba, a lokacin ma ta fi yawa. Abin da ya ragu kwanakin da suka rage wa zaɓe ne, kuma iyalan mamata sun fara fitowa a talabijin suna kuka. Bang da kansa ya kawo takardar har rumfarta, yana murmushi kamar shi ya rubuta.

"Maman Hye-ran, kin gani? Ai na ce za a gyara."

Na ɗauki sandar kakkaɓe bargo. Ban san me zan yi da ita ba, amma shi ya sani, don bai tsaya liƙa takardar a layinmu ba.

Mal-sun ta ci gaba da zuwa kasuwa, amma almakashin ya yi shiru. Sai ta zauna da yadi a cinya har a tashi. Wata rana na kai mata shayi, ta ce in zauna.

"Laifina ne," ta ce.

"Laifin me, Yaya?"

"Na yi ƙulli. A babbar rigar, ƙarƙashin hammatar hagu, ta ciki. Guda ɗaya. Shekara hamsin ban taɓa yi wa kowa ba." Ta shafa yadin da ke cinyarta. "Kin san shi da gaggawa. Ko a bas ba ya jiran mutum ya zauna. Na ce in ɗan riƙe shi, ya jira ni a hanya. Shi ya sa kayan suka ƙi zuwa jikinsa. Ya tafi da rigar barci, Maman Jun-ho. Mijin mai ɗinkin likkafani."

Raina ya ɓaci, na yi mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mutum dubu nawa aka ƙone a jaka, duk ƙulli matansu suka yi? Na ce ba zarenta ba ne, ranar zaɓe ce ta zo a watan Maris ba a watan Janairu ba, da an sassauta dokar kafin ya cika. Ta saurare ni har na gama, ta gyaɗa kai. Na san ba ta yarda ba. Ni ma da na koma rumfata sai na ga tata maganar ta fi sauƙin ɗauka, don ƙulli dai ana iya kwance shi.

Ranar cika kwana arba'in da tara, da ake sallamar mamaci a ƙona masa tufafinsa su same shi, ta faɗo daidai ranar da aka buɗe yaƙin neman zaɓe. Doka ta ce teburin cin abinci kada ya wuce mutum shida, don haka 'yan'uwan Deok-chil na birnin Busan ba su zo ba. Da muka fito za mu hau dutse zuwa gidan ibada, sai muka tarar mahadar kasuwa ta cika maƙil. Motar masu jar riga a wannan gefe, ta masu shuɗiya a wancan, mata na rawa da farar safar hannu, mutum ya fi ɗari biyar kafaɗa da kafaɗa. Taron siyasa ba shi da adadi. Na hango Bang a tsakiya da baƙin kwat, bai riga ya yanke wa zai ci ba. Wata yarinya ta miƙo wa Mal-sun katin ɗan takara tana sunkuyawa. Hannuwanta biyu na rungume da ƙunshin, sai yarinyar ta soke katin a bakin ɗaurin.

A can sama malamin gidan ibadar ya gama karatu, muka zaga baya wajen murhun ƙona kaya. Har nan kiɗan motocin yana isowa. Hye-ran ta sa takalman ubanta da hularsa ta direba a cikin murhun. Mal-sun ta kwance ƙunshin, ta cire katin ta ba ni, ta fitar da babbar rigar ta juya hammatar hagu. Yatsunta sun yi sanyi, ta kasa kama ƙullin. Na miƙa hannu, ta ture. Ta kai bakinta ta ja da haƙori har ya kwance, ta miƙar da zaren ta bar shi sake.

Sannan ta sa su a wuta bi da bi. Wando, safa, 'yar ciki, riga. Daga ƙarshe ta zaro kwalin sigari daga jakarta ta ɗora a kai.

"Ka riƙe a hannu, tsoho," ta ce. "Na gaya maka ba aljihu."

Sambe ba ya jimawa a wuta. Muka tsaya har ya zama toka, malamin ya rufe murfin. Muna saukowa a hankali saboda gwiwoyinta, sai ta tsaya cik ta kama hannuna.

"Hye-ran ta ce ya rame a asibiti, ko?"

Na ce haka ma'aikatan suka faɗa.

"Ban rage ba," ta ce. "Na bar wa tumbin wuri. Zai yi masa yawa."