Bindigar Baba Ta Je Damagaram

Asabar: tashi daga Matameye

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina idar da salla, na fito daga gida, jaka a kafaɗa, bindigar marigayi Baba naɗe cikin tsohon bargo. Baba maharbi ne tun tasowarsa. Ya sha gaya mana cewa bindigar nan ƙirar Faransa ce, kakanmu ya samo ta daga wani Bature da ya yi wa jagora a daji. Sati biyu kafin tafiyar nan, wani dillalin kayan tarihi mai suna Alhaji Sanda ya zo daga Damagaram, ya jujjuya ta, ya yi dariya a gaban Inna.

"Hajiya, wannan ai ƙirar maƙeran Kano ce. Labarin maharba kuwa kin san shi. Jika talatin zan bayar, shi ma don darajar mamaci."

Yayana Sale ya bugo waya daga Kano, inda yake cin rani, ya ce a sayar a huta. Na ce ba za a sayar ba. Ba wanda zai mai da ubana maƙaryaci a zaurensa don ya ga ƙasa ta rufe masa baki. Kwana huɗu na yi ina zarya ofishin jandarma, har na samu takardar izinin ɗaukarta, na haɗa da tsohon permin Baba, wato lasisinsa na riƙe bindiga.

A tasha direba ya taɓa bargon, ya janye hannu.

"Malama, mene ne wannan?"

"Bindiga ce. Babu harsashi, ga takarduna."

"Mace da bindiga? To kuɗin mutum biyu za ki biya."

"Jika biyu da rabi ake biya zuwa Damagaram, su zan biya. Tsakanin ƙafafuna za ta tsaya."

Ya dube ni, na dube shi. Bakwai saura kwata muka tashi.

Kance zuwa Takeita

Mun wuce Kance lafiya. A shingen Takeita aka sauke ni. Jandarman ya karanta takardun sau biyu, ya ce sai babbansu ya yi waya Matameye ya tabbatar. Aikinsu ne, ban ja ba. Fasinjoji ne suka ishe ni da ƙorafi. Wani ɗan kasuwa ya leƙo ta taga ya ce, "Ki bar musu ƙarfen mana mu tafi! Ina mace ina kayan maza?"

Na ce, "Alhaji, buhunan albasarka aka jira rabin awa a Kance, ban ce uffan ba. Ka jira ubana."

Ya mai da kansa cikin mota. Na sayi ƙosai na dala ashirin da shayi, na zauna a benci ina ci. Bayan minti arba'in aka miƙo mini takarduna. Daga nan kilomita hamsin ne, ta Tirmini, kuma goma da rabi muka shiga Damagaram.

Damagaram, unguwar Birni

Ɗan kabu-kabu ya kai ni gidan Baba Kyari, tsohon soja da ya yi shekaru yana gyaran makamai a bariki. Bayan gaisuwa ya shimfiɗa buzu, ya kwantar da bindigar a kai, ya duba ta daga baki har ƙota.

"Ƴata, ba na sayar da magana mai daɗi. In ta Kano ce, zan ce ta Kano ce."

"Gaskiyar na zo ji, Baba. Amma daga bakin wanda ya duba."

Ya ce shaidar tana ƙarƙashin bututun, kuma ƙusoshin sun ci tsatsa, sai sun kwana cikin mai. Na sauka a unguwar Zango wurin Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, ta yi mini tuwon gero da miyar kuka.

Lahadi: abin da ƙarfe ya faɗa

Ƙarfe tara na koma, na tarar ya raba bututun da ƙotar. Ya ba ni gilashin ƙara girma. Ga ɗan tambari da bai kai ƙwayar gero ba, ga lamba. Ya nuna mini lambar a wuri uku, duk iri ɗaya. Ya ɗaga bututun ya saita shi da rana, na ga zane a murɗe a ciki, sumul.

"Maƙerin gida ba ya yin wannan. Tambarin gwajin Faransa ne, irin wanda suke bugawa kafin yaƙin duniya na biyu. Ta kusa shekara ɗari. Amma ƙotar ba tata ba ce, icen ƙirya ne, sassaƙar gida. Da ƙotarta ta asali tana nan, masu tara irin waɗannan za su biya miliyan. A haka, rabin wannan."

Yana rubuta mini bayanin a takarda sai ga sallamar Alhaji Sanda. Ashe labari ya kai masa tun jiya.

"Ƴar Malam, ai da kin gaya mini za ki zo. Na ƙara, jika ɗari biyu."

"Ta maƙeran Kano, Alhaji?"

"Ciniki ya gaji haka."

"Ciniki bai gaji ƙaryata mamaci ba. Ko miliyan ka kawo, sai ka fara zuwa ka durƙusa gaban Inna ka janye maganarka. Bayan nan ma ba ta sayarwa ba ce."

Baba Kyari ya ci gaba da ɗaure ƙusoshinsa yana murmushi. Alhaji ya gyara hula ya fita.

Komawa gida

Ƙarfe biyu na shiga mota, biyar saura na iso Matameye. Na karanta wa Inna takardar daga farko har ƙarshe. Da na zo kan ƙotar da ta rage kuɗin, sai ta kama haɓa.

"Ni na karya ta."

"Ke, Inna?"

"Kina goye a bayana. Ubanki ya tafi Ɗan Barto, kura ta shigo garken awaki da asuba. Ban iya harbi ba, sai na kama bututun na sauke mata ƙotar a ka. Ubanki ya dawo ya ga ɓarna, ya yi kwana uku yana sassaƙa wata, bai taɓa gaya wa kowa ba. Wai kada a ce matarsa ta fi shi farauta."

Muka yi ta dariya har hawaye suka biyo baya. Ta karɓi bindigar ta rataye ta a ɗakinta.

Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Baba Kyari da Gwaggo Ladi, Allah ya saka muku da alheri. Baba kuwa, Allah ya haskaka kabarinsa.