Ƙwan Pelagiya

Garifaliya ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, amma a ƙauyensu na tuddan Mani, can ƙetaren teku, babu matar da ke rufe tulun zaituninta sai ta zo ta haɗa mata ruwan gishiri. Ba ruwanta da awo. Ƙwai take sakawa a ruwan, ta yi ta barbaɗa gishiri tana motsawa, har ruwan ya yi nauyi ya ɗago ƙwan, kansa ya leƙo kamar faɗin tsabar kuɗin drakma ɗaya. Sharaɗin guda ne: ƙwan ya zama na ranar. Tsohon ƙwai iska ta shige shi, ko ruwan bai ji gishiri ba tasowa yake.

Shekara talatin da shida aminiyarta Pelagiya ce ke kawo ƙwan, a naɗe cikin gyale, tana taƙama ana kallonta. Garifaliya ba ta taɓa tambayarta na yaushe ne ba. Ina dalili?

A shekarar da abin ya faru, gida tara ta haɗa wa. Kafin Kirsimeti tuluna suka fara wari, zaitun ya yi laushi ya ruɓe. Cimar shekara guda fa! Kuma ba wanda ya zage ta, da ma zagin suka yi.

"Sannu, Inna Garifaliya," in ji matan. "Idonki ne kawai ya yi rauni. Ai kin yi ƙoƙari, ki huta."

Pelagiya na tsaye ana faɗin haka, har da gyaɗa kai.

Abin ya ci Garifaliya. Ta roƙi matar fadan cocinsu ƙwai mai ɗumi, ta saka a ragowar ruwan nata tulun. Ya nutse har ƙasa, ko motsi bai yi ba. Ta yafa mayafi ta haura tudu zuwa gidan Pelagiya.

"Pelagiya, dube ni. Na yaushe ne ƙwan nan?"

"Haba ƙawata, wace irin tambaya..."

"Na yaushe ne?"

Pelagiya ta zauna a bakin rijiya. Kajinta sun daina yin ƙwai tun ƙarshen zafi, ta ce. A cikin dusa ta tono wanda ta ajiye, ya yi wata biyu. Ba ta so a ga wata ce ta kawo.

"To ji, wannan na yafe. Amma kina tsaye suna ce mini makauniya! Tashi mu je ki faɗa musu."

"Don Allah ki rufa mini asiri," in ji Pelagiya, tana riƙe mata hannu. "Ke ai sun riga sun yafe miki, sun ce tsufa ne. Ni me za su ce?"

Garifaliya ta zare hannunta. Ba ta faɗa wa kowa ba, kuma baƙin cikin bai sake ta ba. Da kaka ta zagayo, ta share ƙofar gida tun da safe, ta zauna jiran a zo kiranta. Har aka gama rufe tuluna ba wanda ya zo.