Takun Masu Ɗaukar Shibriyya

A sakandare ba a san ni da komai ba sai gudu. Lissafi kuwa, Allah dai ya ba malamin haƙuri. Malamin wasanninmu, wani Bamisre da usur ba ya barin bakinsa, shi ya ce bayan aikin Hajji wani kulob ɗin wasanni na Jidda zai zo ya ɗauki mutum ɗaya a makarantarmu. A shekarun alif ɗari tara da sittin ɗin nan kulob ba ya biyan albashi, amma yakan sama wa ɗan wasa aikin ofis a ƙarƙashin fanka. Ga ɗan Misfala, unguwarmu ta talakawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Alhazai na fara shigowa sai wuyan Baba ya riƙe. Sana'arsa ɗaukar shibriyya, gadon katakon nan da mutum huɗu ke ɗora tsohon alhaji a ka su yi masa ɗawafi. In kusurwarsa ta zauna babu kowa, wani zai gaje ta. Sai na ɗauki gammonsa.

Ranar farko saura ƙiris in kifar da wata tsohuwa. Baffa, ƙanen Baba, shi ke gaba tare da ni. Ya ce, "Shuwayya shuwayya, ya waladi! Sannu sannu, ɗana! Ba tsere muke ba. In ka wuce ni, hajiya ta faɗi." Na koya kuwa: gajeren taku, wuya a tsaye, wutsiyar ido a kan kafaɗar na kusa. Haka na yi ta yi safe da yamma har alhazai suka watse.

Ranar gwaji aka hura usur, na tashi lafiya lau. Na kamo wani dogo ɗan ajinmu wanda bai taɓa wuce ni ba, sai na tsinci kaina ina daidaita takuna da nasa. Ya ƙara, na ƙara. Ya sassauta, na sassauta. Ina jin Bamisren yana ta ihun "Yalla! Yalla!" wato in ƙara wuta. Numfashina da saura, ƙafar ce ta ƙi. Dogon ya turo ƙirji a kan layi, shi suka ɗauka.

Ban yi kuka ba, ko haushi ban ji ba. Yunwa kawai nake ji. Na tako gida na tarar da Baffa yana shan shayi da Baba. Babu wanda ya tuna da wani gwaji. Baffa ya bi ni da kallo tun daga ƙofa.

"Yaya, masha Allah, yaron nan ya iya tafiya yanzu. Kai dai ka huta, baɗi ma shi zai riƙe mana."

Na ce, "To, Baffa."