Tafin kakanmu a taron lise

Kwana uku ina fargabar zuwa lise, wato makarantar sakandare. Za a ba ƙanwata takardar yabo don ta iya Ingilishi, ni ko Faransanci ban ji. Da, marigayi kakanmu ke raka ni irin wannan taro. Shi ma bai ji, amma duk wanda aka kira, shi ke fara tafi da busassun hannuwansa na manomi.

Na taɓa raɗa masa, "Kaka, wannan fa ba ɗiyarmu ba ce."

Ya ce, "To amarya, kin ga uwatta nan? Tafa mata."

Jiya ni kaɗai na zauna da goyona. Da aka kira ƙanwata, tafina bai kai ko'ina ba. Don Allah ku sa tsohon nan cikin addu'a.