Malam Ibrah, mai ɗinka wa waɗanda ba su nan

Da an sallame asuba Malam Ibrah ke fito da keken ɗinkinsa bakin kasuwar Filinge. Kafin ya zura zare, tsofaffi sun jeru da yadi a hannu. 'Ya'yansu duk suna Kumasi wajen nema, amma rigar Salla ba ta fashi, ko da yaro zai dawo.

Telolin zamani ba sa ɗinki sai sun gwada mutum da mita. Malam kuwa tambaya yake yi, ya sa wa jiki sunansa na Larabci da ya koya a zaure. Dogo ɗawilu ne, gajere ƙasiru, matsakaici rab'atu, siriri nahifu. Mai faɗin ƙirji da cikar jiki, jasimu.

Kowa ya ga ranar da Lawali ɗan Habsa ta Tabla ya dawo. Tun bai zo ba uwar ta ce a yanka masa riga ƙarama, Malam ya ƙi. Rigar ta zauna masa kamar a jikinsa aka yanka.

Ni Baƙo, da na ci yunwar fara na wuce, na ɗauki dutsen aikin tilas da ƙato biyu suka kasa ɗagawa, ban taɓa roƙon kowa ba sai shi. Ɗana Kailu ya tafi yana nahifu, gemu bai fito ba, har yau shiru. Bana idon Malam ya dushe, ya ce zai ajiye keke.

Na ce, "Malam, riga ɗaya tak. Amma ban san jikin yaron ba yanzu."

"Ni na sani," in ji shi. "Ya kai shekarunka na lokacin da kake ka da mutane a kokawa. Jasimu za mu yanka."

"Ashe kana tune."

"Ka bar mu mu manta ne? Kullum sai ka faɗi."

Da lalube ya ɗinka ta.

Kai ne, Malam, ba ka taɓa ce wa uba ya daina jira ba. Allah ya saka maka, ya bar maka sauran ganinka. Ku kuma masu mita, in tsoho ya zo da yadi ba yaro, ku zaunar da shi ku tambaya.

Jiya na gwada rigar a jikina cikin ɗaki, ba mai gani. Kafaɗunta sun sauko mini har gwiwar hannu. Na ninke ta, na mayar a akwati.